Daga tsatsa zuwa kaki: yadda ake haɗa katalis ɗin ƙarfe da ke mai da iskar CO ta zama mai

Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya turo min hoton jan gari a cikin 'yar kwalba yace "yaya ga katalis ɗina na gama, saura rubutu". Ƙanina ko farawa baka yi ba. Wannan jan garin tsatsa ce, tsatsa mai tsafta dai wadda ka sha wahala a kanta, amma abin da ke ɗinke CO da haidirojin su zama dizal ko kaki ba shi bane ka riƙe a kwalba, shi a cikin riyakta, wato bututun da ake yin aikin a ciki, ake haifarsa bayan ka rufe ka sakar masa gas, kuma yawancin waɗanda aikinsu ke lalacewa a daidai nan yake lalacewa. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin daga farko har sauke tukunya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

A taƙaice dai aikin sunansa Fischer-Tropsch, sunan Jamusawa biyu Franz Fischer da Hans Tropsch da suka yi aiki a cibiyar binciken kwal ta Mülheim, a 1923 suka fara da ƙarfe da aka shafa wa sinadarin toka, a 1925 suka yi rajistar hanyar. Kana da iska biyu, kabon monoksayid wato CO, wannan dai da ke fita a hayaƙin janareta tana kashe mutane suna barci, da haidirojin. Haɗinsu ake kira singas. In ka barsu su kaɗai ko shekara zasu yi a tukunya ɗaya babu abin da zai faru, sai an samu dillali. Katalis shine dillalin, CO ta sauka a bayansa ya raba kabon da oksijin, ya miƙa wa kabon haidirojin, ya dinga jona kabon da kabon kamar ana zura carbi, oksijin ɗin kuma ya fita a ruwa ko a CO2. Carbi gajere gas ne, matsakaici fetur da dizal, dogo sosai kaki.

Mataki na farko, ka san gas ɗinka kafin ka taɓa kwalba

Ƙarafa huɗu ne ke iya wannan dillancin. Nikel yana wuce gona da iri, kusan komai sai ya mai da shi mitan, wato gas mai kabon ɗaya tak. Rutiniyam ya fi kowa iyawa amma tsadarsa ba ta mutum bace. Saura kobal da ƙarfe, wato Fe. Kobal yana son singas mai haidirojin biyu a kan kowace CO ɗaya, irin wanda ake samu daga iskar gas ta ƙasa, shi yasa masana'antar Escravos ta jihar Delta da ta fara aiki a 2014 da kobal take aiki, haka Oryx da Pearl na Katar. Shi kuwa ƙarfe yana da wata baiwa da kobal bai da ita, yana ɗaukar ruwan da aikin ya haifar ya haɗa shi da wata CO ɗin ya fitar da CO2 da sabon haidirojin, CO + H2O → CO2 + H2, wato yana ciyar da kansa. To in singas ɗinka daga kwal ne ko itace ko karan dawa da buhun shinkafa da aka gasa, inda sau da yawa haidirojin bai kai ɗaya a kan CO ɗaya ba, ƙarfe ne mutuminka. Ga arha, kobal ya ninka shi kuɗi sau ɗaruruwa. Dalilin kenan da Sasol, kamfanin mai na Afirka ta Kudu, tun da ta kunna masana'antar Sasolburg a 1955 da ƙarfe ta fara, ta zo ta gina ta Secunda a farkon shekarun 1980 duk a kan kwal da ƙarfe, haka Sin ta buɗe ƙatuwar masana'antar Ningxia a ƙarshen 2016 mai tan miliyan 4 a shekara.

Amma kar a yi maka daɗin baki, baiwar nan da kuɗinta. In haidirojin yayi ƙaranci sosai lissafin sai ya koma 2CO + H2 → CH2 + CO2, rabin kabon ɗinka ya tafi a hayaƙi kenan, shi yasa ake lissafa Secunda cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da CO2 daga waje ɗaya a duniya. In zaka rubuta furojet ka faɗi wannan da bakinka kafin mai jarrabawa ya faɗa maka.

Mataki na biyu, me kake son samu

Hanya biyu ce. Mai ƙaramin zafi, digiri 220 zuwa 250, tana bada kaki da dizal. Mai babban zafi, 300 zuwa 350, tana bada fetur da ƙananan olifin irinsu etilin da furofilin na yin roba. Matsi a duka biyun wajen bar 20 zuwa 30, wato kusan ninkin matsin iska na yau da kullum sau 20 zuwa 30.

Akwai lamba ɗaya da dole ka riƙe, alfa, wato yiwuwar carbin ya ƙara ɗa ɗaya maimakon ya tsinke ya sauka. Lissafin Anderson-Schulz-Flory yace kason nauyin sarƙa mai kabon n shine n(1−α)²α^(n−1). Ka gwada da kalkuleta zaka ji daɗi. In alfa 0.7 ce mitan zai zama kashi 9 cikin 100, abin da ya wuce kabon 20 kuwa ko kashi 1 bai kai ba. In ta hau 0.9 mitan ya faɗo kashi 1, masu tsawon da ya wuce 20 sun kai wajen kashi 36, a 0.95 sun haura 70. Kaga ɗan motsi kaɗan a alfa ya juya kasuwar gaba ɗaya. A zahiri mitan kullum yana fin abin da lissafi ya faɗa, masu kabon biyu kuma suna gaza shi, in ka ga haka a sakamakonka ba kuskurenka bane, kowa haka yake gani.

Na babban zafi ba aikin ɗakin gwajin makaranta bane sosai, don shi narka ƙarfen ake. Ana ɗaukar magnatayit, wato baƙar tsatsar ƙarfe Fe3O4, ko ɓawon da ke zuba a masana'antar murza ƙarfe, kusan irin baƙin ɓawon nan da kake gani a gindin uwar maƙera in maƙeri na dukan ƙarfen da yayi ja a wuta, a narka shi a tanderun lantarki wajen digiri 1500 da ɗan fotasiyam da magniziya ko alumina, ya huce a niƙa. Mu na ƙaramin zafi zamu bi.

Mataki na uku, dafuwa

Tsohon haɗin da kowa ke aunawa dashi shine na kamfanin Ruhrchemie na Jamus, a nauyi, ƙarfe 100, jan ƙarfe 5, fotasiyam 4.2, silika 25. Muce giram 10 na ƙarfe kake so. Gishirin da zaka samu a shago shine Fe(NO3)3·9H2O, nauyinsa 404 ƙarfen ciki 55.85, to zaka auna giram 72.3. Jan ƙarfe rabin giram, wato giram 1.9 na Cu(NO3)2·3H2O. Silika giram 2.5. Fotasiyam 0.42, in da K2CO3 zaka saka giram 0.74 kenan. Dan Allah ka sake lissafin nan da hannunka ka duba lambar ruwan da ke jikin kwalbar, kuma gishirin ƙarfen nan mai shan raɓa ne, in da damina ka barshi a buɗe kana hira ruwa zaka auna.

Narka gishirin ƙarfe da na jan ƙarfe a tataccen ruwa, ka ɗumama wajen digiri 80. A wani mazubin ka haɗa ruwan sodiyam kabonet shima da zafi, ko ruwan amoniya. Abin dariya sodiyam kabonet ɗin nan dangin kanwa ne da iyayenmu ke jefa wa wake, amma kar ka ce zaka yi arha da kanwar kasuwa, datti da gishirin da ke cikinta sun isa su kashe aikin. Yanzu ka dinga sakin ruwan biyu tare a hankali cikin mazubi na uku kana juyawa da ƙarfi, mitar pH mai auna tsamin ruwa tana ciki, ka riƙe ta wajen 7 kar ta dinga tsalle. Nan take zaka ga ruwan ya koma laka ja mai duhu kamar kunun da aka zuba wa jar ƙasa, in kabonet ne zai dinga kumfa yana neman tumbatsa don CO2 ke fita, saboda haka mazubi babba.

Me yasa na dage a kan pH da zafi? Saboda girman ƙwayoyin da ramukan da ke tsakaninsu a wannan mintunan ake yanke su. Ka dafa sau biyu da pH daban, katalis biyu ka yi, ko da sunansu ɗaya a littafinka.

Mataki na huɗu, wanki, nan ake gane mai haƙuri

Ka barshi ya kwanta kamar gasara, ka tsiyaye na sama, ka tace, ka wanke da ruwan zafi tatacce, ka sake, ka sake. In da sodiyam kabonet ka yi, sodiyam ɗin da ya maƙale shima yana aiki irin na fotasiyam, to in baka fitar dashi ba baka san nawa ka zuba ba kenan kuma duk zanen da zaka yi na "tasirin fotasiyam" tatsuniya ce. Ka dinga auna ruwan wankin da mitar da ke gwada gishirin ruwa har lambar ta daina sauka. Amoniya bata barin wannan matsalar sai dai tana iya riƙe jan ƙarfe a ruwa in pH ta hau, in ka ga ruwan tacewa yayi shuɗi to jan ƙarfenka ne ke tafiya a kwata.

Sai silika. A masana'anta fotasiyam silikat suke zubawa a kan lakar tana jiƙe, jifa ɗaya sun sami silika da fotasiyam, sannan su rage fotasiyam ɗin da ɗan asid. A ɗakin gwaji ya fi sauƙi ka dama lakar da ruwan silika, ka busar, daga baya ka ɗiga ruwan fotasiyam daidai abin da garin zai shanye ba tare da ya yi tsamo-tsamo ba.

Kowanne da aikinsa. Jan ƙarfe yana sa tsatsar ta saki oksijin ɗinta a ƙaramin zafi. Silika ita ce katanga tsakanin ƙwayoyi kar su manne da juna su zama dunƙule, kuma tana ba garin ƙwari, amma in tayi yawa tana riƙe ƙarfen ya ƙi juyawa ta kuma shanye fotasiyam. Fotasiyam shine gishirin miya, yana sa CO ta fi kama jikin katalis, alfa ta hau, mitan ya ragu, olifin ya ƙaru, in ka zarce kuma baƙin kabon ya rufe komai. In malaminka yace ka canja abu ɗaya ka gani, fotasiyam zaka canja, shi yafi nuna kansa.

Mataki na biyar, gajere ne

Busar a obin digiri 110 zuwa 120 kwana ɗaya, gasa a iska digiri 300 awa 5, zafin ya hau a hankali. Daka a turmi ka tankaɗe, ka ɗebi masu girma ɗaya, misali tsakanin maikiron 100 da 250. Manyan tsakuwa kaki yana cika ramukansu gas baya kaiwa ciki, gari mai laushi kuma yana toshe bututu. Abin da ke hannunka yanzu hematayit ne, Fe2O3, ko danginsa da bai gama tsaruwa ba. Shine jan garin cikin hoton.

Mataki na shida, lodi da tsare rai

Kafin komai, CO bata da wari bata da launi kuma tana kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Babu na'urar ƙararrawar CO a ɗakin, babu fankar zuƙe iska mai aiki, babu tabbacin wuta ba zata ɗauke ta bar fankar a tsaye gas na tafiya ba, to kar ka kunna, wallahi digiri bai kai nan ba. Kuma ba aikin gida bane ko na gareji. Kar ka zauna kai kaɗai da dare.

Ka gauraya katalis da garin silikon kabayid ko kwaz, katalis ɗin ya zama kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, domin aikin nan zafi yake fitarwa sosai, wajen kilojul 165 a kan kowane mol na CO, in garin ya cunkushe waje ɗaya tsakiyarsa zai fi abin da mitarka ke nunawa zafi nesa ba kusa ba, sai ka ga mitan kawai kana mamaki. Tsinken auna zafi a cikin garin zai zauna, ba a jikin bututu ba. Ka cika da naitirojin sama da matsin da zaka yi aiki, ka rufe ka bar shi awanni ka ga ko allura ta sauka, ka bi duk mahaɗa da ruwan sabulu. CO da ta daɗe a silindar ƙarfe tana iya ɗauko ƙarfe kabonil, guba ce kuma tana zuba ƙarin ƙarfe a kan katalis, to silindar alminiyam ko ka sa tarko a hanya. Bayan riyakta tarko biyu, mai zafi wajen digiri 150 zuwa 200 na kaki, mai sanyi kusa da ƙanƙara na mai da ruwa, bututun da ke tsakani kuma a naɗe shi da zafi in ba haka ba kaki zai daskare ya toshe ka tashi da safe ka tarar matsi ya hau.

Mataki na bakwai, tada katalis, wannan shine aikin

Tsatsa bata yin Fischer-Tropsch. Sai ta bi hanya, hematayit ya koma magnatayit Fe3O4, magnatayit ya koma kabayid, wato ƙarfen da kabon ya shiga tsakanin ƙwayoyinsa. Kabayid kala-kala ne, akwai Fe3C, akwai Fe2C da Fe7C3, amma wanda aka fi samu a katalis mai aiki shine Fe5C2 da ake kira kabayid ɗin Hägg, sunan wani masanin Suwidin. Yawancin masu bincike sun tsaya a kan cewa kabayid ke jona carbi, magnatayit kuma shi yafi yin aikin juya ruwa ya bada haidirojin, kuma a cikin riyakta biyun suna nan tare suna canja wuri kamar kokawa, gas mai yawan CO ya tura zuwa kabayid, ruwa ya dawo dashi magnatayit.

Hanya uku ake tada shi. Da haidirojin, ka samu ƙarfe tsantsa wanda zai zama kabayid in singas ya iso, sai dai ruwan da ke fita yana manne ƙwayoyi in gas baya gudu da sauri. Da singas kai tsaye, shine mai sauƙi a masana'anta. Ko da CO zalla, ni shi nake ba ɗalibi shawara ga irin wannan haɗin, digiri 270 zuwa 280, matsin iska na yau da kullum, awa 8 zuwa 24, zafi ya hau digiri ɗaya ko biyu a minti. In kana da na'urar da ke bin CO2 a bakin fita ka zauna ka kalla, abin sha'awa ne, zaka ga tudu na farko ƙarami, nan hematayit ke zama magnatayit, 3Fe2O3 + CO → 2Fe3O4 + CO2, sai tudu na biyu babba mai faɗi, nan ne 5Fe3O4 + 32CO → 3Fe5C2 + 26CO2. In na biyun ya sauka ya kwanta to an haihu. Kar ka ce bari in ƙara zafi ko in bar shi kwana uku ya ƙara nuna, bayan nan CO zata koma zuba baƙin kabon, 2CO → C + CO2, ka binne abin da ka haifa.

Gari ɗaya ka raba uku ka tada kowanne da hanyarsa zaka samu sauri uku, alfa uku, tsawon rai uku. Shi yasa in na ga rubutu an bada shafi biyu a kan dafuwa an bada layi ɗaya a kan tadawa nasan mai shi bai gane abin da ya yi ba.

Mataki na takwas, gudu da awo

Ka sauke zafi zuwa wajen 180 a ƙarƙashin naitirojin, ka shigo da singas, ka hau matsi, sannan ka ɗaga zafi a hankali zuwa 240 ko makamancin haka. Sabon katalis zumuɗi gareshi, in ka watsa masa gas a cikakken zafi zai iya gudu ya ƙone kansa. Ka sa ɗan agon a cikin gas ɗinka wanda baya shiga aikin, dashi zaka yi awo a na'urar GC mai rarrabe iskoki ta auna kowacce, in CO a kan agon 8 ne a shiga 4 a fita to rabi ya juya. Lambobin kwana ɗaya ko biyun farko kar ka ɗauke su da muhimmanci, katalis na ci gaba da canja jiki kuma kaki bai gama cika ramuka ba. Ka zubar da abin da tarko ya tara, ka fara lissafi daga nan, kuma kabon da ya shiga da wanda ya fita su haɗu tsakanin kashi 95 da 105, in basu haɗu ba akwai yoyo ko kaki ya maƙale wani wuri. Ruwan tarkon sanyi zaka ji yana tsami, akwai alkohol da asid a ciki, suma kabon ne a ƙirga su.

Kar ka yi kwaɗayin juya CO kashi 90 a zagaye ɗaya don ya yi kyau a takarda. Duk CO da ta juya ruwa take bari, ƙarshen bututu ya cika da tururi, kabayid ɗin wajen ya koma magnatayit.

Abubuwan da ke kashe shi

Ruwa na faɗa, baƙin kabon na faɗa. Sai farar wuta, wadda ke zuwa a H2S daga kwal, ita tun daga bakin shiga take cin katalis tana matsowa, shi yasa Sasol ke wanke gas da metanol mai tsananin sanyi a tsarin Rectisol kafin ya isa. Abin mamaki a 2012 masu bincike na jami'ar Utrecht a Holan sun nuna ɗan mitsitsin farar wuta tare da sodiyam a kan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe yana rage mitan ya ƙara ƙananan olifin, to guba ce amma a ma'auni. A riyakta mai kunu, inda garin ke yawo cikin narkakken kaki irin wanda Sasol ta kunna a 1993, akwai ƙarin ciwon kai, juyawa daga tsatsa zuwa kabayid tana farfasa ƙwayar, garin ya yi laushi ya bi kaki ya toshe matata.

Sauke tukunya

Nan na taɓa yin wauta. Na kashe wuta na bar riyakta ta huce, ina sauri in kai samfur XRD, awon da ke nuna ko tsatsa ce ko kabayid a garin, na kwance na juye baƙin garin a kan takardar tacewa, kafin in ɗauko cokali na ga wani ɗigo ja yana tafiya a cikin garin kamar garwashin da iska ta hura, takardar ta huje, garin da ya kwana goma yana aiki ya koma jar tsatsa a gabana. Sakamako ya fito babu kabayid ko ɗaya, sati biyu sun tafi. Katalis da aka tada yana kama wuta da kansa a iska, musamman wanda kaki bai lulluɓe ba. Ka huce shi har zafin ɗaki a ƙarƙashin naitirojin, ka saki oksijin kashi 1 cikin naitirojin a hankali awa ɗaya ko biyu kana kallon mitar zafi, in ta motsa ka rage, ko kuma ka bar shi a cikin kakinsa ka kai shi haka. In zaka yi XRD ka tambaya ko fitilar na'urar ta kobal ce, ta jan ƙarfe tana sa samfurin ƙarfe ya yi hazo layukan kabayid su ɓace a ciki, kuma layukan Fe5C2 da Fe3C suna hawa kan juna wajen guda, in akwai inda zaka aika a yi maka wani awon ƙarfe da ake kira Mössbauer shi zai raba maka gardamar ya faɗa maka kashi nawa ne kabayid kashi nawa magnatayit. Ka raba garin gida uku tun kana juyewa, na sama da na tsakiya da na ƙasan bututu, kowanne a kwalbarsa da alama.